Tarihin Direban Firinta da Sikana a Kwamfutar Tebur

A cikin na'urorin da ake jonawa da kwamfutar tebur, firinta da sikana su ne suka fi daɗewa suna jawo ƙorafi a duk lokacin da aka fitar da sabuwar babbar manhaja, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta baki ɗaya, kamar Windows ta kamfanin Microsoft, da macOS ta kamfanin Apple, da Linux wadda ba mallakar kamfani ɗaya ba ce. Sau da yawa na'urar lafiyarta ƙalau, injinta yana juyawa, tawadarta ba ta ƙare ba, amma sabuwar manhajar ta kasa yin magana da ita, domin babu abin da masu sana'ar ke kira direba. Direba a wannan fage wata ƙaramar manhaja ce da ke zaman tafinta tsakanin kwamfuta da na'ura, ita ce ke karɓar shafin da aka tsara a fuskar kwamfuta ta juya shi zuwa umarnin da firintar ke ganewa, ita ce kuma ke karɓar ɗige-ɗigen da sikana ta ɗauko daga takarda ta miƙa su a matsayin hoto. Da yake aikin tafinta ya rataya ne a kan harsuna biyu, duk ranar da babbar manhaja ta sauya dokokinta sai an sake rubuta direba, ko da ba a taɓa ƙusa ɗaya a jikin na'urar ba. Abin da aka yi fiye da shekara 40 ana ja-in-ja a kansa shi ne wanda zai ɗauki nauyin wannan rubutu, da inda ya kamata a yi aikin juya shafin, a cikin kwamfuta ko a cikin firinta, da kuma ko harshen na'ura abu ne da kamfani zai bayyana ko zai riƙe a matsayin sirrin kasuwanci. Tsawon ran kowace na'ura ya fi dogara ga amsar wannan tambaya ta ƙarshe fiye da ingancin ƙarfen da aka ƙera ta da shi.

Firintocin farko ba su buƙaci direba irin na yau ba, domin abin da suke karɓa jerin lambobi ne kawai, kowace lamba tana wakiltar harafi ɗaya a bisa tsarin ASCII da aka amince da shi a Amurka a shekarar 1963, tare da wasu 'yan lambobi da ke ba da umarnin komawa farkon layi, ko sauka layi na gaba, ko jawo sabuwar takarda. Kamfanin Centronics ya fito da wata kafar jona firinta a shekarar 1970, kuma da kamfanin IBM ya ɗauki wani nau'inta ya sa a kwamfutarsa ta PC a 1981, sai matsalar waya da soket ta kwanta na tsawon shekaru. Matsalar harshe ce ta tashi. Firintar Epson MX-80 ta 1980, mai allurai 9 da ke dukan kintinkirin tawada su bar ɗigo a takarda, ta iya kaurara harafi da matse shi, kuma ana neman yawancin irin waɗannan ayyuka ta hanyar aika lamba 27, wadda ake kira ESC, sannan a biyo ta da wasu haruffa. Daga nan aka samu harshen ESC/P na Epson, sauran kamfanoni kuma kowa ya ƙago nasa. Manhajar DOS da ke tafiyar da kwamfutocin wancan zamani ba ta shiga wannan sha'ani ba, iyakarta ta miƙa abin da aka ba ta zuwa kafar firinta, saboda haka kowane kamfanin da ya rubuta manhajar rubutu ko ta lissafi sai ya rubuta direbobinsa da kansa. Kamfanin WordPerfect na jihar Utah ya yi suna wajen wannan aiki, yana raba faya-fayan da ke ɗauke da direbobin ɗaruruwan firintoci, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ya mamaye ofisoshi a ƙarshen shekarun 1980. Mai sayen firinta a lokacin sai ya tambaya ko manhajar rubutunsa ta san ta, sannan ya sake tambaya ko manhajar lissafinsa ma ta san ta, shi ya sa ƙananan kamfanoni suka riƙa ƙera firintocin da ke kwaikwayon harshen Epson don su ci gajiyar direbobin da ke akwai.

Tun kafin wannan kasuwa ta bunƙasa, batun sirri ya riga ya kunno kai a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wadda aka fi sani da MIT. Ma'aikatan wani ɗakin bincike na cibiyar sun saba gyara manhajar tsohuwar firintarsu ta yadda za ta sanar da mutane idan takarda ta maƙale, amma da kamfanin Xerox ya ba su sabuwar firinta mai aiki da hasken leza wajen shekarar 1980, bai haɗa musu da asalin rubutun manhajarta ba, wato rubutun da ɗan Adam ke iya karantawa ya gyara kafin a juya shi zuwa lambobin na'ura. Richard Stallman, ɗaya daga cikin ma'aikatan ɗakin, ya nemi rubutun a wurin wani masani a Jami'ar Carnegie Mellon, shi kuwa ya hana shi domin ya sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri. Stallman ya sha ambaton wannan lamari a cikin abubuwan da suka kai shi ga shelanta aikin GNU na manhajojin da asalin rubutunsu yake a buɗe, a watan Satumba na 1983, aikin da daga baya ya zama ginshiƙin Linux.

Shekarun 1984 da 1985 sun kawo amsa ta farko mai ƙarfi, wato a mayar da aikin juya shafi cikin firintar kanta, a kuma ba ta harshen da aka wallafa ƙa'idojinsa. John Warnock da Charles Geschke, waɗanda suka bar ɗakin binciken Xerox a Palo Alto suka kafa kamfanin Adobe a ƙarshen 1982, sun fito da PostScript, harshen da ke siffanta shafi ta hanyar lissafi, yana faɗin inda layi ya fara da inda ya lanƙwasa da girman harafi, ya bar wa firinta ta lissafa ɗigon da za ta saka gwargwadon ƙarfinta. Firintar LaserWriter ta Apple, wadda ta fito a 1985 a kan dala 6,995, ta ɗauki wannan harshe, kuma don ta iya lissafin an sa mata ƙwaƙwalwar Motorola 68000 mai gudu fiye da wadda ke cikin kwamfutar Macintosh da ke aika mata aiki. Shekara ɗaya kafin nan kamfanin Hewlett-Packard, wato HP, ya fitar da LaserJet ta farko a kan dala 3,495, mai buga shafi 8 a minti ɗaya da ɗigo 300 a kowane inci, da nasa harshen mai suna PCL, wanda ya fi sauƙi da araha. Amfanin waɗannan harsuna biyu shi ne direba ɗaya yana iya hidimta wa firintoci da yawa. A tsarin PostScript abin da ya bambanta wannan firinta da waccan, kamar yawan akwatunan takarda ko iya buga gaba da baya, ana rubuta shi a wani ɗan fayil mai suna PPD da kowa ke iya buɗewa ya karanta. Bayyana ƙa'idojin waɗannan harsuna ne ya sa LaserJet 4 ta shekarar 1992, idan an samu hanyar jona ta, har yanzu take iya buga takarda daga manhajojin da aka rubuta shekara 30 bayan ƙera ta.

A ɗaya ɓangaren kuma babbar manhaja ta karɓi nauyin da manhajojin rubutu ke ɗauke da shi. Macintosh tun 1984, da Windows tun 1985, sun tanadi hanya ɗaya ta zane da kowace manhaja ke bi, ko a fuskar kwamfuta za a nuna abu ko a takarda za a buga shi, wadda a Windows ake kira GDI. Da Windows 3.0 ta 1990 da 3.1 ta 1992 suka samu karɓuwa, sai ya zamana direba ɗaya ya isa wa dukkan manhajojin da ke cikin kwamfuta, kuma Microsoft ya tanadi wani direba na gama-gari mai suna Unidrv wanda kamfanin firinta ke ƙara wa bayanan na'urarsa kawai. Wannan sauyi ya taɓa rubutun Hausa kai tsaye. Muddin firinta na buga haruffan da aka dasa mata tun daga masana'anta, babu ɓ da ɗ da ƙ a cikinsu sai an yi dabara ta musamman, kuma masu buga takardu da yawa sai su bi shafi da biro suna yi wa haruffan ƙugiya. Da Windows 3.1 ta kawo tsarin haruffa na TrueType, wanda direba ke aika zanensu zuwa firinta, sai duk harafin da aka iya nunawa a fuskar kwamfuta ya zama abin bugawa, kuma a shekarun 1990 ɗin ne Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya tsara zubin haruffa mai suna Rabi'at mai ɗauke da haruffan Hausa masu ƙugiya.

Sai dai wannan ci gaba shi ne ya buɗe ƙofar matsalar da aka fi fama da ita daga baya. Da kwamfutoci suka ƙara ƙarfi, gasar farashi kuma ta yi zafi, kamfanoni suka lura cewa za su iya cire ƙwaƙwalwa mai tsada da ma'adana mai yawa daga cikin firinta, su kuma daina biyan Adobe kuɗin lasisin PostScript, su bar kwamfuta ta lissafa kowane ɗigo ta aika shi a dunƙule ta wani tsari da kamfanin kaɗai ya sani. Irin waɗannan na'urori su ake kira firintocin GDI, kuma akasarin masu arahar da suka cika gidaje da ƙananan ofisoshi tun daga tsakiyar shekarun 1990 wannan ne nau'insu. LaserJet 1020 ta HP, wadda ta fito a 2005 ta kuma yi farin jini a ƙasashe masu tasowa saboda juriyarta, misali ce mai kyau, domin hatta manhajar da ke tafiyar da cikinta sai kwamfuta ta loda mata a duk lokacin da aka kunna ta. Na'ura irin wannan rabinta ne a kan tebur, ɗaya rabin yana cikin direba, kuma ranar da direban ya daina aiki babu wani na gama-gari da zai maye gurbinsa. Tsarin kasuwancin ya ƙara dagula al'amarin, domin ana sayar da firintar tawada a kan farashi mai rauni ana neman riba a wajen tawada, kuma kamfanin da ya riga ya daina ƙera wani samfuri ba shi da wani abin kwaɗayi a biyan injiniyoyi su sake rubuta masa direba bayan shekara 5 ko 6, alhali sabon samfuri yana kan kanta yana jiran mai saye.

Halin sikana ya fi na firinta muni, domin ita ba ta taɓa samun harshen gama-gari irin PostScript ko PCL ba a zamaninta na farko. Kowace sikana tana da nata umarnin na motsa fitila, da daidaita haske, da karanta layin ɗigo, kuma yawancinsu a wancan lokaci ta kafar SCSI ake jona su, sau da yawa da wani ɗan kati da ake cusawa cikin kwamfuta, wanda shi ma yana da direbansa. A shekarar 1992 kamfanoni 5, wato Aldus da Caere da Eastman Kodak da HP da Logitech, suka fitar da tsarin TWAIN, wanda ya daidaita yadda manhajar hoto ke neman hoto daga direban sikana. Abin da TWAIN bai daidaita ba shi ne abin da ke gudana tsakanin direban da na'urar, wannan ya ci gaba da zama sirrin kamfani. Bugu da ƙari, direban TWAIN yana zuwa da tagarsa da maɓallansa, yana kuma gudana a cikin manhajar da ta kira shi, saboda haka duk sauyin da ya shafi yadda ake gina manhajoji yana iya karya shi. Akwai tsarin ISIS na 1990 da manyan ofisoshi masu ɗaukar dubban takardu ke amfani da shi, Microsoft kuma ya kawo nasa mai suna WIA tare da Windows Me a 2000, amma babu wanda ya raba sikana da dogaro ga rubutun kamfanin da ya ƙera ta.

Daga ƙarshen shekarun 1990 sauye-sauyen suka riƙa zuwa a jere. Kwamfutar iMac ta 1998 ta watsar da tsoffin kafofin Apple, har da SCSI, ta bar USB kaɗai, wanda ya sa firintoci da na'urorin sikana masu yawa suka rasa inda za a jona su. A Windows NT 4.0 ta 1996, don neman sauri, an shigar da sashen zane tare da direbobin firinta cikin cibiyar babbar manhaja, wato sashen da ke da cikakken iko a kan ma'adana da na'urori, sakamakon haka kuskure ɗaya a direban firinta yana iya tsayar da kwamfuta gaba ɗaya ta nuna shuɗin allo. Windows 2000 ta fara mayar da su waje, inda idan direba ya faɗi ba zai tsayar da kwamfuta gaba ɗaya ba, amma ta bar tsoffin suna aiki.

Windows Vista, wadda ta isa hannun jama'a a ranar 30 ga Janairun 2007, ita ce ta rufe wannan ƙofa, ita ce kuma ta zama abin misali a duk lokacin da ake maganar na'urorin da sabuwar manhaja ta yi wa ritayar dole. Vista ta ƙi karɓar direbobin firinta masu gudana a cibiya, ta tsaurara dokar abin da manhaja ke iya yi ba tare da izinin mai kula da kwamfuta ba, nau'inta mai bit 64 kuma ya wajabta wa duk direban da zai shiga cibiya ya zo da hatimin lantarki mai shaida wanda ya rubuta shi. Kowanne daga cikin waɗannan matakai yana da hujjarsa ta tsaro, amma sun zo ne bayan an yi fiye da shekara 5 ana amfani da Windows XP, an tara na'urori masu ɗimbin yawa da direbobinsu suka ginu a kan sakacin da XP ta lamunta. Wasiƙun cikin gida na Microsoft da wata kotun tarayya a Seattle ta bayyana a 2008, a shari'ar da masu saye suka shigar kan tambarin da ke cewa kwamfuta za ta iya ɗaukar Vista, sun nuna cewa matsalar ba ta bar manyan kamfanin ba. Jon Shirley, tsohon shugaban kamfanin kuma ɗan majalisar daraktocinsa a lokacin, ya rubuta wa Steve Ballmer, wanda ke jagorantar kamfanin, cewa ba zai sa Vista a wata kwamfutarsa ba, domin firintarsa ta Epson, da sikanarsa ta Epson, da wata sikanar fim ta Nikon duk ba su da direba. Bayanin da Steven Sinofsky, wanda ke jagorantar sashen Windows a lokacin, ya bayar shi ne masu ƙera na'urori ba su yarda Vista za ta fito ba saboda yawan ɗage ranarta, don haka ba su fara aiki ba sai a ƙarshen 2006. Wannan ya bayyana jinkirin sababbin na'urori, amma bai shafi tsoffin ba, waɗanda kamfanoninsu suka yanke shawarar ba za su rubuta musu komai ba ko da an ba su shekara 10.

Ƙaura daga bit 32 zuwa bit 64, wato faɗaɗa girman lambar da ƙwaƙwalwar kwamfuta ke sarrafawa a lokaci ɗaya don ta iya amfani da ma'adanar da ta wuce gigabait 4, ta yi ɓarna a hankali fiye da Vista, domin babbar manhaja mai bit 64 ba ta iya loda direban na'ura mai bit 32, haka kuma manhajar hoto mai bit 64 ba ta iya kiran direban TWAIN mai bit 32. Nauyin wannan ya fi sauka a kan masu sayen na'urori na hannu. Firintar da wani ofis a Turai ko Amurka ya sallama ita ce ke shigowa ta tashar Legas ta ƙare a shagunan buga takardu da ɗaukar hoton takardu da ke kewaye da jami'o'i da sakatariyoyi a Kano da Zariya da Kaduna, kuma tana isowa ne a daidai lokacin da kamfaninta ya daina kula da ita. Dabarun da masu gyara suka saba da su a ko'ina a duniya su ne a tilasta wa kwamfuta ta karɓi direban wani samfuri ɗan uwan na'urar, ko a ajiye tsohuwar kwamfuta mai XP ko Windows 7 don firintar kaɗai, ko da yake Microsoft ya daina toshe kafofin tsaron XP a watan Afrilun 2014, na Windows 7 kuma a Janairun 2020.

Apple ya fi Microsoft saurin yanke alaƙa da abin da ya wuce. Ya sauya babbar manhaja ɗungurungum a 2001, ya koma ƙwaƙwalwar Intel a 2006, ya cire gadar da ke tafiyar da manhajojin tsohuwar ƙwaƙwalwar PowerPC a 2011, ya daina karɓar duk wata manhaja mai bit 32 a macOS Catalina ta Oktoban 2019, sannan ya koma ƙwaƙwalwar da ya tsara da kansa a 2020, kuma a kowane mataki an bar wasu na'urori a baya, musamman na sikana. A watan Oktoban 2020 aka ga wani sabon salo na matsalar, lokacin da aka soke takardar shaidar lantarki da ke kan wasu direbobin HP, kwamfutocin Mac suka fara gargaɗin masu su cewa manhajar firintarsu za ta cutar da kwamfuta, daga baya HP ya ce soke takardar ba da gangan ba ne. A ranar babu wanda ya sauya babbar manhaja ko na'ura, hatimi kawai aka janye daga nesa, bugu ya tsaya.

Masu amfani da Linux, waɗanda kamfanoni suka daɗe ba sa rubuta musu direba, sun bi hanyar da ta fi wahala amma ta fi ƙarko. Manhajar Ghostscript, wadda L. Peter Deutsch ya fara fitarwa a 1988, tana karanta PostScript a cikin kwamfuta ta juya shi zuwa ɗigo, sai 'yan sa-kai su rubuta sashen da zai miƙa ɗigon ga kowace firinta, sau da yawa bayan sun saurari abin da direban Windows ke aikawa ta waya sun warware ma'anarsa, kamar yadda aka yi wa LaserJet 1020 da 'yan uwanta a aikin foo2zjs. A 1996 David Mosberger-Tang da Andreas Beck suka soma tsarin SANE na sikana, wanda ya raba sashen da ke magana da na'ura da sashen da mutum ke gani, saɓanin TWAIN. Michael Sweet ya fitar da CUPS a 1999, tsarin jera ayyukan bugu da Apple ya ɗauka a 2002 ya kuma saye a 2007. Tunda asalin rubutun waɗannan direbobi a buɗe yake, ana iya sake gina su a kan kowace sabuwar ƙwaƙwalwa ba tare da jiran kamfani ba, abin da ya sa sikanar da Windows ta manta da ita tun zamanin Vista sau da yawa takan yi aiki a Linux ta yau, ko da yake sabuwar na'ura mai harshen sirri takan yi watanni ko shekaru kafin wani ya warware ta. A fagen kasuwa kuma Ed Hamrick ya gina sana'a a kan wannan giɓi tun 1998 da manhajarsa ta VueScan, wadda ke tafiyar da dubban nau'o'in sikana, har da na fim na Nikon da kamfaninsu ya daina kula da su.

Wayar hannu ce ta tilasta wa kamfanoni yin abin da ƙorafin masu kwamfuta ya kasa sa su yi. Apple bai yarda a saka direba a iPhone da iPad ba, don haka a Nuwamban 2010 ya fito da AirPrint, inda firinta ke sanar da kanta a hanyar sadarwar gida ko ofis, ta faɗi girman takardar da take ɗauka da ko tana buga launi, ta kuma karɓi shafi a ɗaya daga cikin 'yan tsare-tsaren da aka amince da su, kamar PDF ko JPEG ko wani tsarin ɗigo da aka wallafa. Harshen da ke ƙarƙashin wannan shi ne IPP, wanda aka fara wallafa ƙa'idojinsa a 1999, shi ne kuma CUPS ya ginu a kai tun farko. A 2013 Canon da HP da Samsung da Xerox suka kafa ƙungiyar Mopria don yin irin haka a wayoyin Android, a shekarar kuma aka fitar da ma'aunin IPP Everywhere, sikana ma ta samu makamancinsa mai suna eSCL. Ƙwaƙwalwar lantarki ta yi arahar da ko firinta mai sauƙin kuɗi za ta iya ɗaukar wannan aiki, don haka hankalin da aka cire daga cikin na'ura a shekarun 1990 don rage farashi sai ga shi an mayar mata da shi.

Abin da ya ƙarasa tsohon tsarin a Windows shi ne tsaro. Sashen da ke jera ayyukan bugu yana gudana da iko mafi girma, kuma an tsara shi ya riƙa ɗauko direba daga wata kwamfutar ofis ya saka da kansa don sauƙaƙa wa ma'aikata, wanda ke nufin duk wanda ya iya ruɗin sa ya karɓi direban bogi ya mallaki kwamfutar. Muguwar manhajar Stuxnet, wadda aka gano a 2010 bayan ta lalata injunan tace yuraniyom na Iran a Natanz, ta yi amfani da wata kafa a wannan sashe wajen yaɗuwa, sannan a tsakiyar 2021 aka bankaɗo kafar da aka yi wa laƙabi da PrintNightmare, wadda gyaranta ya hana ma'aikaci saka direba sai da izinin mai kula, ya kuma dagula bugu a ofisoshi da yawa na tsawon watanni. A Satumban 2023 Microsoft ya sanar cewa zai daina raba direbobin firinta na wasu kamfanoni ta hanyar sabunta Windows, mataki-mataki har zuwa 2027, sannan ya ƙara wa Windows 11 wani yanayi na kariya da idan aka kunna shi babu direban waje da zai gudana, sai na IPP na Microsoft kaɗai. CUPS ma ya ayyana fayilolin PPD a matsayin abin da zai yi bankwana da shi, kuma wata kafar tsaro da aka gano a wani sashensa a Satumban 2024, wadda ke bi ta PPD na bogi, ta ƙara wa masu wannan ra'ayi hujja.

Sabon tsarin bai rufe kowane giɓi ba. Manyan injunan ofis masu naɗe takarda, da maƙala ta, da ƙidaya wa kowane sashe shafukan da ya buga, suna buƙatar ƙarin manhaja daga kamfaninsu, firintocin rasit da na lambar kaya kuma har yanzu da harsunan kamfani irin su ESC/POS na Epson da ZPL na Zebra suke aiki. Na'urorin da suka fi shiga tsaka mai wuya su ne masu arahar da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa wajen 2010, waɗanda ba su san PostScript ko PCL ba, ba su kuma san IPP ba, kuma ƙarewar kulawa da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025 ta sake tura masu su zuwa Windows 11, wadda nau'in bit 64 kaɗai take da shi. Mafitar da ƙungiyar OpenPrinting ke ginawa, wadda ta karɓi ragamar CUPS bayan Michael Sweet ya bar Apple a ƙarshen 2019, ita ce a naɗe tsohon direba a cikin wata ƙaramar manhaja da ke gabatar da kanta a matsayin firintar zamani mai jin IPP, ta karɓi shafi daga kowace kwamfuta ko waya ta juya shi zuwa tsohon harshen. Ana iya ɗora ta a kan ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi a ajiye kusa da firintar, amma tana aiki ne kawai ga na'urorin da kamfaninsu ya wallafa harshensu, ko waɗanda wani ɗan sa-kai ya riga ya warware nasu.